A Teburi Babu Ɗan Gari

Ku samarin unguwar Sanyuanli ta Guangzhou da kuke zama a matakalar gidan abinci kuna danne-dannen waya, ina jin abin da kuke faɗa in na wuce. Kunnena bai tsufa ba. "Hajiya Asabe ta huta. Ba ɗaukar kwali, ba bin kwantena, sa'a kawai take ci." To ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, ba kuma don in koya wa kowa ba.

Bari in fara share muku hanya. Abin nan caca ne. Malamai sun yi magana a kansa, gaskiya kuma suka faɗa. Ban zo in wanke shi ba, ban kira ɗan kowa ya shiga ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne wanda bai taɓa wuni yana kallon hannun mutum ba ya buɗe baki ya ce aikina sauƙi gare shi. Kujera ɗaya gare ni a wani teburin karta a unguwar Liwan. Da ita nake ci, da ita nake biyan haya, da ita nake aika wa marayun ƙanwata a Fagge. Yadda na same ta da yadda aka janye ta daga ƙarƙashina, shi zan ba ku labari.

Girki ne ya kawo ni ƙasar nan ta Caina. Alhaji Sule, babban ɗan kasuwar yadi, wanda a lokacin duk Bakanon da ya sauka Guangzhou sai ya je ya gaishe shi, shi ya nema mini biza ya biya mini jirgi, don cikinsa ya ƙi abincin 'yan Caina. A wani ɗan tsukukun kicin a saman bene nake tuƙa tuwon shinkafa, da kukar da ake zuwa da ita a ƙasan akwati, da daddawar da sai an naɗe ta a leda bisa leda kada maƙwabta su kai ƙara. Na yi shekaru a bakin tukunyar nan. Ban taɓa musun alherin Alhaji ba, yau ma ba zan musa ba.

Wata rana mai duba masa kaya ya yi tafiya, sai Alhaji ya ce in raka shi Liwan in riƙe masa jaka. Shagon leshi muka shiga. Matar shagon tana ta dariya, tana ta "lawban, lawban," wato maigida, tana turo mana bandir bayan bandir. Ni ban ji abin da take faɗa ba, hannunta nake kallo. Duk bandir ɗin da Alhaji ya nuna sai ta miƙo shi da hannu biyu. Amma akwai jerin da ke gefen hagu, a kansu ta jingina gwiwar hannunta, ko da ta juya ɗauko wani abu sai ta dawo da gwiwar nan wurin. Na yi murmushi kamar ina yabon kayan, na ce wa Alhaji da Hausa, "Sa a warware na ƙarƙashin hannunta har ƙarshe." Aka warware. Yadin sama lafiya lau, na ciki duk duwatsun sun zube, launin ya yi dabbare-dabbare.

Kun san wannan al'adar tamu, ku ma kuna yi. In ka ga ɗan garinku zai faɗa rami a shago, sai ka saki fuska, ka yi masa raɗa da Hausa a gaban mai shagon kamar gaisuwa kuke, "Ba shi da kyau, mu tafi." Zumunci ne, da shi muke tsira a kasuwar da ba tamu ba. Daga ranar nan Alhaji ya haɗa mini duba kaya da girki. A gida cewa ake labarin zuciya a tambayi fuska. A nan fuska ba ta ba da labari. Hannu ake tambaya.

Duba kaya rabinsa jira ne. Ka zauna a sito kan kwali, kana jiran motar da za ta kwashi kaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu, direba ya ce yana hanya, alhali ko tashi bai yi ba. A irin wannan zaman ne Hajiya Rakiya, wata 'yar Maraɗi mai sarin takalman roba, ta miƙo mini wayarta.

"Asabe, zo ki ga abin da ke cinye mini caji. Karta ce, amma ba irin ta ƙofar gida ba."

"Da kuɗi?"

"Wane kuɗi! Kwabban wasa ne, in sun ƙare su ƙaro miki."

Foka ke nan. Ga wanda bai sani ba: ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a riƙa buɗe wasu a tsakiya har su kai biyar, na kowa da kowa ne. Ka haɗa naka da na tsakiya. Duk zagaye ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka zubar da katinka ka fita. Mai haɗi mafi ƙarfi ya kwashe, ko kuma wanda ya yi burga har kowa ya gudu ya bar masa, ko da ba komai a hannunsa. Ni ban taɓa zama a aji ba, rubutun da ke jikin wayar har yau ban san me yake cewa ba. Lamba dai kasuwa ta koya mini. Sauran kuwa hoto ne: ga sarki mai gemu, ga matarsa, ga ɗansu, ga ja ga baƙi.

Kwabban wasa ba sa koya wa mutum komai, don wanda ba abin da zai rasa ba ya tsoro, wanda kuma ba ya tsoro ba a karanta shi. Da na koma zuba 'yan kuɗi na gaske, sai wasan ya canza kama gaba ɗaya. Na sha kashi. Ladan duba kayana ya riƙa tafiya kamar ana zuba ruwa a kwando. A waya ba ka ganin hannu, amma na lura akwai abin da ya maye gurbinsa. Wani yana dannawa nan take in katinsa ya yi kyau. Wani sai ya ja lokaci yana nuna tunani yake, ƙarya yake, tun farko ya gama shawara. Na kuma gane abin da ku har yanzu ba ku gane ba: yawancin aikin nan zubar da kati ne. A ba ka, ka duba, ka zubar. A sake ba ka, ka zubar. Ku da ba kwa iya barin kati ya wuce ba ku taɓa shi ba, kamar akuya a gaban dusa, ku ne abincin irinmu.

Wani dillalin maɓalli da zif, tsoho ne mai ƙaramin kamfani, shi ya leƙa wayata wata rana ina jiran a ƙirga kaya a shagonsa. Mai Maɓalli nake ce masa. Ya yi dariya har da tari, ya ja ni zuwa wani gidan shayi a bayan layin, muka hau bene. Ɗaki ne mai teburi biyu, an shimfiɗa musu koren ƙyalle, manyan 'yan sari ne ke zama bayan sun rufe ciniki da rana. Mai gidan wata gajeriyar tsohuwa ce mai furfura, ta aske gashin kamar namiji, ba ta dariya. Lawbanniya suke ce mata, wato uwar gida. Ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa.

"Meyo," ta ce. Babu.

Washegari na koma. Meyo. Na sake komawa. Ran da ta gaji da ganina, sai ta jawo wata 'yar kujerar roba ta ajiye a bayan mai raba kati, ta nuna mini da haɓa. Ba kati, ba kwabo, ba magana. Turancinta guntu-guntu ne irin nawa, yarensu kuma na kasuwa kawai na iya, amma mun fahimci juna. Duk hannun da aka buga, kafin a buɗe kati sai ta taɓa kafaɗata: wa ke da shi? In nuna mata da ido. In na faɗi daidai ba ta cewa komai. In na kuskure ta tura ni wanke kofunan shayi. Na wanke kofuna a gidan nan tun ana ruwa kamar da bakin ƙwarya har sanyi ya shigo, da girmana, da furfurata. Ku da kuke cewa sa'a ce, wa ya taɓa wanke kofi don neman sa'a?

Ita ta hana ni cin goro a teburi, ta ce muƙamuƙina yana tsayawa in na ga kati mai kyau. Ita ta ce in riƙa naɗe mayafi har wuya, don jijiyar wuya ba ta iya ƙarya. Kayan aikina ba su da yawa: tabarau, mayafin nan, fulas ɗin shayina don ba na shan abin da ban ga dafawarsa ba, da jaka biyu. Ɗaya ta teburi, ɗaya ta rayuwa, ba sa gaisawa. Ran da ta teburi ta ƙare, an tashi, ko da ta rayuwa tana cike. Carbina kuwa a gida nake barinsa, ba na kai shi wurin nan. In La'asar ta yi na miƙe ko me ke hannuna, akwai lungun da ta ware mini a bayan kwalayen shayi.

Ran da za ta ba ni kujera ta gaske, sai ta zaunar da ni, ta buga yatsa a kan ƙyallen.

"A nan babu ƙani, babu miji, babu ɗan gari. In kati yana hannu, ba a magana da yaren da teburi ba ya ji. Mutum biyu suka raga wa juna, ɓarayi ne, su biyun za su sauka, kuma duk gidan da ake wasa a garin nan sai ya ji. Ke kaɗai ce baƙa a nan. Kowa zai riƙa kallonki ninki biyu."

Na ce na ji. A raina na ce wane Bahaushe ne zai hawo benen nan.

Na zauna, na fara ci kaɗan-kaɗan. Ba kullum ba. Akan yi wata cur kati ya juya maka baya, ka yi komai daidai ka tashi da asara, a nan ake gane ma'aikaci da ɗan sha'awa, don ɗan sha'awa zai ce sai ya rama. Na san abokan zamana kamar yadda na san tukwanena. Mai Maɓalli yana juya murfin kofinsa in yana burga. Akwai wani mai sayar da fitilu da surutu ba ya ƙare masa, in ka ji ya yi shiru ka gudu. Wani kuma in an cinye shi sai ya riƙa zubawa da fushi, irinsa ba a tsokanarsa, jiransa ake. Da na ga teburi yana ba ni abin da ya fi girki da duba kaya a haɗe, shekara ta zagayo bai fasa ba, sai na je na durƙusa na yi wa Alhaji godiya, na ce ƙafata ta gaji da tsayuwar kicin, na samo masa wata mai girkin. Ban faɗa masa inda na koma ba, shi ma bai tambaya ba. Har birnin Makau na riƙa shiga mota in je gasa in dawo. Amma gindina dai kujerar nan ce ta Liwan.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ce. Na zo hawa bene sai na ji muryar da na sani a bayana.

"A'a! Asabe? Ashe gaskiya ne abin da ake faɗa."

Alhaji Sule ne, da babbar riga, wani mai masaƙa da yake saye a wurinsa ya gayyato shi shan shayi da ɗan wasa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi mutanen gida. Sannan na tare matakalar.

"Alhaji, don girman Allah kada ka zauna a teburina. Ga ɗaya teburin can."

"Saboda me? Kunya kike ji in ga kina caca?"

"Ba kunya ba ce. In ka zauna, ban san ka ba har a tashi. Ko sallama ka yi mini ba zan amsa ba. Dokar wurin ke nan."

Ya yi dariya yana gyara hula. "Ji mini mata! Karta ce fa, tun kina goye nake yin ta a bayan kanti. Kuma ina aka taɓa jin Bahaushe ya ci ɗan'uwansa a ƙasar wasu? Wuce mu je, uwar girki."

Ya zauna dab da ni, don yana ganin hakan ne daidai. Na ga Lawbanniya ta bar wurin da take tsayawa ta dawo bayan mai raba kati. Ta dube shi, ta dube ni.

An yi 'yan hannuwa lafiya. Sannan aka zo wani hannu da muka rage mu uku: ni, da Alhaji, da Mai Maɓalli. An buɗe kati huɗu a tsakiya, ciki har da sarki guda. Mai Maɓalli ya tura tuli mai yawa. Alhaji ya bi. Saura ni. Katina yana da kyau, ina cikin auna shi, sai Alhaji ya karkato, fuska a sake, da muryar nan ta tambayar lafiyar yara.

"Ya gajiya, Asabe? Sarakuna biyu ne a hannuna, ga na uku a ƙasa. Janye abinki kada in haɗa da ke. Na tsohon nan nake so."

Ku fahimce ni. Ba cuta ta ya yi niyya ba. Abin da muke yi wa juna a shago kullum shi ya yi mini, abin da ni kaina na yi masa a kan leshi. A ganinsa ya rufa mini asiri. Amma teburi ba shago ba ne. A shago mai kaya ya san kayansa, kai ne baƙo, raɗar tana daidaita ku. A teburi kowa a duhu yake, kuma duhun nan shi aka zo saye. Yanzu na san abin da Mai Maɓalli bai sani ba. In na zubar, na tsira da dukiyata da maganar sata. In na bi don in ɓatar da sawu, na zama mai rufa wa sata asiri. In kuwa na yi shiru aka buɗe sarakunan nan, kowa a ɗakin ya ga an yi mini magana kafin in motsa. Hanya ɗaya ta rage, ita ce kuma wadda ba a yi wa babba a garinmu.

Na kifa tafukana biyu a kan ƙyalle. Na ce a tsaya. Na dubi Lawbanniya, na haɗa guntun Turancina da guntun yarensu.

"Ya faɗa mini katinsa. Sarki biyu. Ban tambaye shi ba."

Alhaji bai gane ba tukuna, yana ta murmushi. Lawbanniya ta miƙa hannu ta juya katinsa da kanta. Sarki, sarki. Aka kashe hannunsa, abin da ya zuba ya zauna a tsakiya. Mai masaƙar da ya kawo shi ya sunkuyar da kai yana ta ba da haƙuri ta ko'ina. Aka nuna wa Alhaji ƙofa. A bakin ƙofar ya juyo, idonsa ya kaɗa.

"Ni, Asabe? Ni da na ɗauko ki daga bakin murhu? Na yi miki rana ki yi mini dare a gaban waɗannan? Kin ci ladan kuturu kin ƙi yi masa aski. Za ki gani."

Ban amsa ba, don kati yana hannuna har lokacin.

Kuna tsammanin an tafa mini? Da aka gama hannun, Lawbanniya ta taɓa kafaɗata.

"Kin faɗi gaskiya. Tashi."

"In tashi? Ni da na tona?"

"Sun ga mutum biyu 'yan gari ɗaya, sun zo tare, sun zauna tare, an yi yaren da ba sa ji. Yau kin faɗa. Gobe in kin ci, za su ce wa ya raɗa mata. Ba zan rasa teburi saboda kujera ɗaya ba."

"Sai yaushe?"

Ta ɗaga kafaɗa. A gabana aka ɗauke kujerar aka jingina ta da bango.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Alhaji ya koma Sanyuanli ya ce Asabe ta wulaƙanta shi a gaban 'yan Caina, kuma ashe caca take yi. Bai ce a ina ya gan ni ba, ba kuma wanda ya tambaye shi me ya kai shi. Haka duniya take, namiji ya zauna a teburi an ce shan shayi ya je, mace ta zauna an ce ta lalace. Na nemi komawa duba kaya, duk Bakanon da na tunkara sai ya ce ya riga ya ba wani. Waɗanda suka ci tuwona shekara da shekaru, in na gaishe su sai su duƙufa a kan waya. Wasu daga cikinku iyayen gidanku ne, ku tambaye su. Rakiya ce kaɗai take ba ni duba takalmanta in ta zo, ta haɗa ni da wasu 'yan Yamai. Na koma wasa a waya, ƙananan tebura, abin da ke fitowa bai wuce na shinkafa ba. Na bar ɗakina na koma wanda ba taga. Na sayar da 'yan kunnen gwal ɗina. Abin da nake aikawa Fagge ya ragu har ƙanwar mahaifin marayun ta kira tana tambaya ko lafiya. Amma jakar teburi ban taɓa ta ba. Duk mako nakan shiga jirgin ƙasa in je Liwan, in zauna a ƙasan gidan shayin, in sha kofi guda, in biya, in tafi. Ban roƙa ba. So nake dai su riƙa ganin ban gudu ba, don ɓarawo ne ke ɓacewa.

Saƙo biyu suka zo mini a mako guda. Na farko Lawbanniya ce ta sauko da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a kaina.

"Wanda na ba kujerarki, an kama shi da ƙaninsa suna yi wa juna alama da cokali. Sun daɗe suna yi, ba wanda ya tona. Yanzu teburi ya tuna da ke. Lahadi da rana."

Na ce, "Shiyeshiye." Na gode.

"Da sharaɗi. Ɗan garinku ba zai sake hawa benen nan ba. In ya hawo, ko kin san shi ko ba ki san shi ba, tare za ku sauka, kuma ba dawowa."

Na biyu Rakiya ce ta kawo shi har ɗakina, ta zauna a bakin katifa tana fifita da mayafi.

"Wannan ɗaki ko kabari! Saurara, na yi ta bin Alhaji Sule har ya sauko. Ya ce komai ya wuce. Yana da manyan baƙi daga Kano ran Lahadi. Ki zo ki yi musu tuwon nan naki, ki durƙusa a gaban mutane ki ce kin yi kuskure, ya maida ke girki da duba kaya. Amma ki bar Liwan har abada."

"Wane kuskuren zan ce na yi?"

"Ke dai ki faɗa! Kalma ce, ba a biyan kuɗin kwastan a kanta."

"In ce na yi kuskure da na ƙi sata?"

"Kai, Asabe, taurin kanki ya fi na jaki. Wa ya ce sata? Babba ne, ya ji kunya, a wanke masa fuska. Ke ba ki ga yadda kika koma ba? Ba mai gaishe ki, ba mai kiranki suna, ba mai kiranki biki. To bari in tambaye ki. In kika faɗi kika mutu a ƙasar nan, wa zai yi miki wanka? Tsohuwar nan mai askakken kai?"

"Ke mana."

"Ni ina zuwa ne ina tafiya. In ajalin ya zo ina Maraɗi fa?"

Ta tashi tana tsaki, ta bar mini ledar kilishi a kan katifa.

Ran Lahadi bayan Asuba na ɗora tukunya. Na tuƙa tuwon shinkafa yadda Alhaji yake so, mai laushi, na yi miyar kuka da sauran daddawar da nake ɓoyo, na sa man shanu. Wanda ya kawo ka ƙasa yana da haƙƙin tuwo a kanka, wannan ban taɓa ja ba. Na zuba a manyan kuloli, na ɗauki tasi na kai har ƙofar masaukinsa, na ba mai gadi na ce a shigar wa Alhaji, daga Asabe, tana gaishe da baƙi. Ban hau ba. Durƙuson nan ba ni da shi, don ban san laifin da zan ɗora a kansa ba. Daga nan na wuce Liwan. Kujerar tana wurinta. Mai Maɓalli ya ɗaga mini kofinsa, aka raba kati.

Da na dawo da yamma, kulolin suna ƙofar ɗakina a jere. Ko murfin ba a ɗaga ba. Tuwon mutum sama da goma ne. Na riƙa ɗumama shi ina ci ni kaɗai har ya fara tsami, sauran na zubar.

Kujerar tana hannuna har yau. Na koma ɗaki mai taga, yaran Fagge suna makaranta. Alhaji Sule ya daina zuwa Caina, ɗansa ke zuwa, in mun haɗu a layi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Rakiya kuwa bara ƙafa ta hana ta tafiya, ta miƙa wa 'yarta sarin takalman. Takan kira ni daga Maraɗi, mu gaisa, mu yi dariya, in za ta kashe wayar sai ta ce, "To, kin samo mai wankan?"

Ban samo ba.